Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Tambayar Kwanciyar Rai

A wajen shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin Sallar Layya. Cikin waɗanda aka aika wa har da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda a lokacin yake zaune a Faru, garin da a yau ke cikin ƙasar Maradun. Da aka sauko Idi sarki ya fito da kyauta ya rarraba wa malamai, an kuma ruwaito cewa rabon Shehu zinariya ce miskali 500, wato abin da ya haura kilo biyu a ma'aunin yau. Shehu bai karɓa ba. Abu biyar ya roƙa a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke tsare, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Masana tarihi sun ce cikin waɗanda aka saki har da Abarshi, Sarkin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci birnin kakanninsa tun a shekarun 1760.

A wurin taron akwai wani saurayi da bai daɗe da haura shekara ashirin ba, ƙanen Shehu kuma almajirinsa, Abdullahi. Shi ne daga baya ya rubuta labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Mutanenmu sun san shi da Abdullahin Gwandu, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, gwanin nahawu da waƙar Larabci, jagoran runduna a Tabkin Kwatto. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a duk malaman jihadi babu wanda ya kai shi damuwa da wata tambaya da ke cin ran masu tunani tun zamanin da: me ɗan Adam yake bi da gudu haka, me ya sa kuma idan ya kama abin sai ya tarar ransa bai kwanta ba? Abdullahi bai tsaya ga tattauna tambayar a zaure ba. Ya ga mutanen da ya sani suna talakawa sun zama masu mulki, ya ga abin da nasara ta yi masu, ya kuma rubuta abin da ya gani ba tare da sakaya ba.

Shi da Shehu sun yi kimanin shekara biyar suna wa'azi a ƙasar Zamfara. Abdullahi ya siffanta ta da ƙasar da jahilci ya yi wa katutu a wancan lokaci. Bazamfare na iya jin zafin maganar, sai dai shi kansa Abdullahi, a littafin da ya jera malamansu, Ida'un Nusukhi, ya ambaci Malam Hashimu Bazamfare wanda Shehu ya saurari tafsirin Alƙur'ani a majalisinsa. Ashe akwai ilimi a ƙasar, kawai dai bai sauko daga zaurukan malamai ya isa ga manomi da matarsa ba. A wannan tafiya ce, a wani wuri da ake kira Daura, wani malami daga Barno mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu a kan barin mata suna halartar wa'azinsa. Shehu ya sa Abdullahi ya mayar da amsa, kuma hujjar da ya kafa ita ce, barin mata cikin jahilci ya fi halartarsu illa, matuƙar an ware masu wurinsu. Tun yana matashi ke nan ya ɗauki ilimi a matsayin abin da ran kowane mutum ke buƙata, mace ko namiji, ba ado na wasu gidaje ba.

Wannan fahimta tana da tushe. Malaman ƙasar Hausa na wancan zamani sun sha karatun Imamu Gazali, musamman Ihya'u Ulumiddini, kuma wanda ya karanta rubuce-rubucen Abdullahi a kan gyaran zuciya zai ji ƙamshin Gazali a cikinsu. An haifi Gazali a garin Ɗus na ƙasar Farisa a 1058, ya rasu a 1111. Ya karanci falsafar Girkawa kamar yadda Farabi da Ibnu Sina suka gabatar da ita, ya soki abin da ya ga ya saɓa wa aƙida, amma ya riƙe abu mai yawa daga cikinta a fannin halayya. Ga yadda ya tsara maganar jin daɗi. Kowace gaɓa da ke jikin mutum tana da abin da aka halitta ta dominsa, daɗinta kuma yana cikin samun wannan abin. Ido yana jin daɗin kyakkyawan gani, kunne daddaɗan sauti, ciki abinci. Zuciya kuwa an yi ta ne domin sani, shi ya sa mutum yake murna idan ya gane abin da ya shige masa duhu, ko da dabarar dara ce. Gwargwadon girman abin da aka sani, gwargwadon daɗin saninsa, don haka a wurinsa ƙololuwar jin daɗi ita ce sanin Mahalicci. Ya ƙara da cewa daɗin ciki da na sha'awa suna ƙarewa da mutuwar jiki, suna ma gundurar mai su tun yana raye, na sani kuwa ba ya gundura.

Ya kuma kwatanta mutum da gari. Zuciya ce sarki, hankali waziri, sha'awa mai karɓar haraji, fushi kuma sarkin dogarai. Gari ba ya zama sai da dukkansu, domin idan babu mai tara haraji baitulmali zai bushe, idan babu dogari ɓarayi za su ci kasuwa. Ɓarna tana farawa ne ranar da mai karɓar haraji ya hau gadon sarauta, waziri ya koma yi masa dabarun tarawa. Mutumin da ya kai wannan hali yana iya zama mai kaifin basira ƙwarai, har ya yi digiri a kan digiri ko ya haddace littattafai, amma duk basirar tana yi wa kwaɗayinsa bauta ne. Abin da ya sa maganar Gazali take da nauyi shi ne a kansa ya fara ganin ciwon. A 1091 aka ba shi kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, mafi girma a duniyar Musulmi a lokacin, ɗalibai ɗaruruwa a gabansa, sarakuna suna neman shawararsa. Da ya binciki niyyarsa sai ya ga suna da girma yake nema. A 1095 harshensa ya ɗaure, ya kasa koyarwa, abinci ya daina shiga. Ya bar Bagadaza ya yi Dimashƙa da Ƙudus da Makka, ya kuma ɗauki alkawarin ba zai ƙara karɓar kuɗin sarki ba. Sai bayan fiye da shekara goma ya koma koyarwa a makarantar hukuma, a Naisabur.

Akwai wani ɓangare na tunaninsa da masu wa'azinmu suke yawan tsallakewa. Gazali bai ce jiki da dukiya ba su da amfani ba. A Mizanul Amal ya kasa ni'imomin da ke kai mutum ga tsira kashi-kashi, ya sa na zuciya a gaba, kamar ilimi da kamun kai da adalci, sannan ya kawo na jiki, lafiya da ƙarfi da tsawon rai, ya kawo na waje, dukiya da iyali da mutunci a idon jama'a. Ya yarda cewa wanda yunwa ta hana barci ba zai iya tattara hankalinsa ga karatu ko ibada ba. Akwai ma hadisi sananne da ya haɗa abu uku ya ce wanda ya wayi gari da su tamkar an tara masa duniya ne: aminci a gidansa, lafiya a jikinsa, da abincin yininsa. A lura da jerin. Ba a ce kome a kan tarin dukiya ba, amma ba a kuma ce mutum zai iya zama lafiya babu ukun nan ba.

Mu koma ga Abdullahi. A Fabrairun 1804 jama'ar Shehu ta yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. A watan Yuni aka kara da Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto, Abdullahi na jagorantar runduna, aka yi nasara. Daga nan wahala ta biyo baya. A yaƙin Tsuntsuwa an rasa mutane masu yawa, ciki har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A 1805 jama'a ta koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara, ana fama da yunwa, sai mayaƙa suka shiga ƙwace abincin mutanen ƙauye. Zamfarawan da suka karɓi wa'azi hannu bibbiyu a shekarun baya suka juya wa jama'ar baya, kuma Muhammadu Bello ɗan Shehu da kansa bai ɓoye cewa zaluncin mayaƙansu ne sanadi ba. A ƙarshen wannan shekara, gab da yaƙin Alwasa, runduna ta afka wa garin Kwalde wanda ke da amana, shugabanni suka yi iya ƙoƙarinsu suka kasa hana ta. Aka je Alwasa aka sha kashi.

Abdullahi yana kallon duk wannan. Abokan da suka fara tafiyar tare, waɗanda suka yi karatu a gaban Shehu, yawancinsu sun kwanta dama a fagen fama. Waɗanda suka cika gurbinsu kuwa, a ganinsa, burinsu mulkin garuruwa ne da ƙwarƙwarori da manyan riguna da dawakin kilisa. A wajen 1807, ana kan hanyar zuwa yaƙin Alƙalawa, babban birnin Gobir, ya sulale daga runduna da mutane ƙalilan, ya fuskanci gabas da niyyar ya tafi Makka da Madina ya ƙare rayuwarsa a can. A tuna fa, wannan ba mutumin da aka ci da yaƙi ba ne. Nasara tana gab da tabbata, domin Alƙalawa ta faɗi a 1808. Wazirin Shehu ne, babu wanda ke gabansa sai yayansa. A daidai lokacin da kowa ke shirin cin ganima shi ya juya baya.

Bai wuce Kano ba. Mutanen birnin, a zamanin Sarki Sulaimanu, suka tare shi suka roƙe shi ya zauna ya koya masu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya kuma faɗa da bakinsa cewa abin da ya gudo ya bari shi ya tarar a Kano. Wannan, a ganina, shi ne darasi mafi girma a rayuwarsa, kuma ya fi ƙarfin labarin wali mai gudun duniya da ake so a mayar da shi. Ya gane cewa ciwon ba na Gobir ba ne ko na Gwandu, na ɗan Adam ne, kuma sauya gari ba ya warkar da shi. Sai ya zauna ya karantar da tafsiri, ya rubuta masu Liya'ul Hukkami, littafi a kan sharuɗɗan shugaba, naɗa alƙalai da ma'aikata, yin shawara, da inda ya halatta hukuma ta karɓi dukiya da inda za ta kashe ta. Sannan ya koma gida ya ci gaba da aikin da ya gudu ya bari. Mutumin da ya fita neman kwanciyar ransa shi kaɗai ya dawo da littafin da ke ɗaure hannun masu mulki.

Wannan ne ya sa nake ganin mun juya koyarwar malaman nan a bai-bai. A yau wa ake yi wa wa'azin wadar zuci? Mai tura baro a kasuwar Mafara ranar Talata, da matar da ta baro ƙauyensu da 'ya'ya biyar tana kwana a kangon makaranta, da malamin firamare da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Su ake ce wa haƙuri maganin zaman duniya. Mai faɗin maganar kuma sau da yawa ya sauko ne daga motar da wani ɗan siyasa ya ba shi. A Magami ba haka aka yi ba. Wanda aka miƙa wa zinariya shi ya yi wadar zuci, talaka kuma aka nema masa sassaucin haraji. Gudun duniya na wanda duniya ta zo wa ne. Wanda ba ta taɓa leƙo shi ba, abin da yake bin mu bashi adalci ne.

Yankinmu na Zamfara ya ga abin da ke faruwa idan masu iko suka yanke wa talaka abin da zai faranta masa rai ba tare da sun tambaye shi ba. Tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin. Manufar kyakkyawa ce a takarda: ruwa kubik mita miliyan 450, noman rani a fili hekta dubu ashirin da wani abu, shinkafa da alkama da tumatir. Amma ruwan ya cinye gonaki da gidaje, aka tashi dubban mutane aka kai su sabon matsuguni a tudu, inda ƙasar ba ta kai ta fadama albarka ba. Manoman da ke cikin filin aikin aka hana su shuka na tsawon lokaci ana baje ƙasa, diyya kuma ta zo a makare ko ba ta zo ba. Na ƙasa da madatsar su ma ambaliyar da ke shayar da fadamunsu kowace damina ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Da manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu, a Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe masu wuta a Birnin Tudu da kewaye. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Ba wanda zai musa cewa a yau dubban gidaje a Mafara da Bakura da Maradun suna ci daga ruwan Bakolori. Injiniyoyin sun san lissafin kankare da na gangaren ruwa. Abin da ba su nema ba shi ne sanin mutanen da za su zauna da aikin, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai zinariya. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashinta ya yi tashin gwauron zabo, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka duƙufa haƙa. Ana kawo duwatsun gida, a niƙa su a injin niƙan hatsi, mata su shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san duwatsun cike suke da dalma. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin da ke kashe yara a Dareta da 'Yargalma da sauran ƙauyuka, daga baya har Bagega. Yara aƙalla 400 suka mutu, dubbai suka tashi da gubar a jininsu. Mai saurin hukunci zai ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ni ban ga kwaɗayi ga uban da gonarsa ba ta ciyar da shi shekara ba, ya ga abin da zai saya wa iyalinsa buhun gero. Idan akwai kwaɗayi, yana can sama, wurin masu sayen zinariyar da masu ɗaure masu gindi. Abin da ya kashe yaran a tsakar gida rashin sani ne, kuma irin sanin da ɗalibin sakandare zai iya samu a darasin kimiyya guda.

A nan ma Gazali ya riga mu. A farkon Ihya ya sa likitanci da lissafi da noma da saƙa cikin farillan da idan al'umma ta rasa mai yin su kowa ya yi laifi, ya kuma yi kukan cewa za ka ga gari cike da masana fiƙihu suna gardama a kan ƙananan mas'aloli alhali babu likita Musulmi ko ɗaya. Malaman jihadi sun ɗauki wannan da muhimmanci. Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan magunguna. Malam Muhammadu Tukur, abokin Shehu da ya zauna a Matuzgi nan kusa da Mafara, an san shi da waliyyantaka an kuma san shi da rubutu a kan magani. Jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, wanda Baturen Jamus Heinrich Barth ya haɗu da shi a 1853 ya yaba zurfin iliminsa, ya yi rubutu a tarihi da falsafa. Rabon da muke yi yau, wannan karatun lahira ne wancan na neman abinci, da sun ji shi da sun yi mamaki. Ɗalibin da ke koyon aikin injiniya a kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara, ko kiwon dabbobi a kwalejin noma ta Bakura, yana sauke farilla ne a kan al'umma, in dai ya koyi aikin da gaske. Idan kuwa takardar kawai yake nema, ya sayi maki ya fito, to ya shiga sahun wanda Gazali ya siffanta, mai hankalin da ke yi wa mai karɓar haraji hidima. Haka ma almajirin da ke karatu domin a kira shi shehi a ba shi kujerar Makka.

Masu binciken zamani sun iso kusa da wannan wuri ta wata hanyar. A 1974 wani masanin tattalin arziki na Amurka, Richard Easterlin, ya lura cewa arzikin ƙasarsa ya yi ta hauhawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma yawan masu cewa suna cikin farin ciki bai hau tare da shi ba. Har yau ana gardama a kan bincikensa, sai dai kusan kowa ya yarda da abu biyu: ƙarin kuɗi yana sauya rayuwar matalauci ƙwarai, kuma mutum yana auna abin hannunsa ne da na maƙwabcinsa. A 2003 mujallar New Scientist ta wallafa wani bincike da ya sa 'yan Nijeriya a kan gaba a farin ciki a duniya, aka yi ta murna. Ban cika sakin jiki da wannan ba. Wanda ya san al'adarmu ya san ko a gadon asibiti ka gaida mutum, da sauƙi zai ce maka. Godiyar gaskiya ce, tana kuma riƙe mutane a inda wani zai zauce, amma kada mai mulki ya ji ta ya ɗauka an sallame shi.

A shekara guda, 2021, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu, aka shiga kwalejin noma ta Bakura a Agusta, aka ɗebi ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun a farkon Satumba. A watan ne aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya. Na farkon abubuwa ukun nan da hadisi ya jera, aminci a gida, shi ne ya ɓace, ya kuma tafi da sauran biyun, domin manomin da ba ya iya zuwa gona ba shi da abincin yini. Ya tafi da ilimi ma. Hujjar da Abdullahi ya kafa wa Mustafa Gwani a kan karatun mata ta yi nasara a littafi tun fiye da shekara 200, amma uban da ya cire 'yarsa daga makarantar kwana bayan Jangebe ba gardamar fiƙihu ce ta sa shi ba.

Kada a ɗauka Abdullahi mutum ne marar aibi. Yana da tsauri, wani lokaci har ya wuce na yayansa. Sun saɓa a rubuce a kan abubuwa kamar laƙabin sarauta da kaɗe-kaɗe da sa tufafin alfarma ga shugabanni, Shehu yana karkata ga sassauci a inda malamai suka yi saɓani, Abdullahi yana tsoron kada halifanci ya rikiɗe ya koma irin sarautar da aka yaƙa. Wanda ya dubi abin da ya biyo baya zai ce tsoronsa yana da dalili. Wanda ya taɓa riƙe jama'a kuma zai ce ba a tafiyar da mutane da ma'aunin waliyyai. Kowannensu ya hango wani abu na gaskiya game da ɗan Adam.

Jarrabawarsa mafi zafi ta zo ne a 1817. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Da Shehu ya rasu a Sakkwato, mutane da yawa sun zaci ƙanensa ne zai gaje shi, shi ne babba, shi ne mafi ilimi. Kafin ya iso aka yi wa Bello mubaya'a, an kuma ruwaito cewa ya tarar da ƙofar gari a rufe. Mutumin da ya rubuta littattafai a kan haɗarin son girma, ga shi an hana shi girman a bainar jama'a. Ya koma Gwandu, kuma ba a ɓoye ba ne cewa abin ya yi masa ciwo, domin an ɗauki shekaru tsakaninsa da ɗan yayansa babu jituwa. Sai da tawayen mutanen garin Kalambaina ya tsananta a kansa, Bello ya taho da runduna ya taimake shi, sannan suka haɗu bayan yaƙin Abdullahi ya yi masa mubaya'a. Daga nan ya sakar wa ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu yawancin harkar mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu. Cikin abin da ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa akwai Tahzibul Insani, a kan tsarkake mutum daga halayen Shaiɗan, irin su girman kai da hassada da riya. Yana da shekara sittin da 'yan kai a lokacin, ya riga ya gama tafsiri biyu, bai kuma ɗauki kansa wanda ya wuce buƙatar wannan darasi ba. Ya rasu a Gwandu a 1829.